Wayar Nafi'u

Teburina taku uku ne a Fam Santa:
fitila, dalma, tsohon burushin haƙori,
da gwangwanin madara cike da kusoshin da ba su kai ƙwayar gero ba.
Nan nake ta da matattun wayoyi.
Mutane kam, wannan ya fi ƙarfin sana'ata.

Ran Talata wani yaro ya kawo mai fasasshen gilashi.
Na canza, na kunna, sai ga ka,
kai mai jawabi daga daji,
bindiga rungume a ƙirji kamar ɗan fari,
mutum huɗu a bayanka, fuskoki a naɗe,
kana nuna mu da yatsa
ta cikin gilashin da ni na manna da hannuna.
Kana lissafa garuruwa kamar mai karanta takardar bashi.
Kano ce ta uku.

Na kashe sautin.
In an cire murya, me ya rage?
Wani mutum mai yawan sosa wuya.
Haƙori ɗaya ya ɓalle ta hagu.
Ƙuda ya sauka a hularka, bai san ko kai waye ba.
Na ce ashe kai ma sauro yana cizonka,
kai ma wata ta taɓa fifita maka koko har ya huce.

Laraba, Goggo Kandala ta zo daga Kurna,
mota biyu, ƙullin leda a bakin mayafi.
Ta kwance a hankali kamar mai buɗe miki.
'Yar ƙaramar waya ce, rabinta ya narke,
madannan sun haɗe kamar alewa a rana.
Ta Nafi'u ce, in ji ta.
A tasha aka tsinto ta, kusa da takalminsa ƙafa ɗaya.
Ba ma tafiya zai yi ba,
bashin shayi ya je karɓa wurin wani kwandasta,
naira ɗari uku.

Ta ce, ba hoto nake nema ba, ɗan nan,
fuskarsa tana nan inda na ajiye ta.
Muryar ce take gudu na.

Kwana uku ina fama da katin,
an ɗauke wuta, an kawo, an sake ɗaukewa,
na kankare ƙauri da bakin reza,
ina riƙe numfashi kada ya hure abin da ya saura.
Ran Asabar, bayan la'asar, ya buɗe.
Daƙiƙa goma sha ɗaya.
Ranar da ya sayi wayar ce, yana gwada ta:

"Gwaji, gwaji. Ana ji na?
Kai Sagiru, sakar min hannu mana!"
Sai dariya, sai ƙarar cokali a kofin shayi.

Goggo ta kara a kunne.
Kasuwa na ta hayaniya, janareta na tari,
wani na cinikin caja a bayanta.
Ta ce, ana jin ka.
Ta sake dannawa. Ta ce, ana jin ka, Nafi'u.
Ta miƙo min ɗari biyar duk ta yamutse,
na ce ta riƙe na mota.

Kai mai jawabi, naka minti arba'in ne da 'yan kai.
Ka ambaci sunan Allah sau nawa, ban ƙirga ba.
Ni ba malami ba ne, ban iya jayayya da ƙur'ani a hannu ba,
amma na san wanda ke share masallacin layinsu kafin asuba,
kuma yanzu tsintsiyar tana jingine.

Ban goge ka daga wayar yaron nan ba, ba tawa ba ce.
Ya biya, ya tafi da kai a aljihun baya.

Na rufe shago. A shingen sojoji na sauka,
na tura babur kamar kowa,
layi har gindin gada, ba mai magana.
Wani ya yi atishawa, duk muka waiwaya.